Tambayoyi da Amsoshi: Asalin Kulob ɗin 'Yan Rediyon Nesa na Arewacin Kalifoniya

A shekarar 1946 wasu masu sha'awar rediyo da ke zaune a kewayen San Faransisko, a jihar Kalifoniya ta Amurka, suka haɗu suka kafa ƙungiyar da ake kira Northern California DX Club, a taƙaice NCDXC. Tana nan da ranta har yau, kuma tana cikin tsofaffin ƙungiyoyin da suka keɓe kansu ga neman tashoshin nesa. Ga amsoshin tambayoyin da mutum kan yi in ya fara jin labarinta.

Wai shin wane irin rediyo ne wannan? Irin na BBC da Muryar Amurka ne?

A'a. Gidan rediyo yana magana ne jama'a na saurare. A nan kuwa mutum biyu ne, kowa da tasharsa a gidansa, wannan ya kira wancan ya amsa. Kowannensu ya ci jarrabawa, hukumar ƙasarsa ta ba shi lasisi da lambar kira wadda babu mai irinta a duniya. Ba a yarda ya yi talla ba, ba a yarda ya sa kiɗa ba, ba a yarda ya karɓi ko kwabo ba. Abin da ya haɗa su da gidajen rediyon da muka saba da su shi ne gajeren zango. Wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo da asuba yana neman Landan a kan mita 19 ko mita 25, murya tana zuwa tana tafiya, ya riga ya san yanayin da waɗannan mutane ke aiki a cikinsa. Su nasu mitocin suna nan a tsakanin na gidajen rediyo: mita 80, 40, 20, 15 da 10, da wasu ƙanana da aka ƙara musu daga baya.

Ya bambanta kuma da ƙungiyoyin masu sauraro da aka sani a ƙasar Hausa, masu rubuta wasiƙa da aika gaisuwa. Ɗan wannan kulob shi ne injiniyan tasharsa, shi ne mai magana, shi ne kuma zai hau ƙarfe ya gyara eriya in iska ta karkatar da ita.

Mene ne DX?

Gajartawa ce ta masu buga tangaraho, ma'anarta nisa. Ɗan DX shi ne wanda burinsa ya yi magana da tashoshin ƙasashe masu nisa, musamman inda masu rediyo ba su da yawa ko babu su sam.

Tun yaushe mutum zai iya kai muryarsa wata nahiya daga ɗakinsa?

Abin ya faro ne daga wulaƙanci. A 1912 Amurka ta yi dokar rediyo ta farko mai ƙarfi, ta ware dogayen zango ga jiragen ruwa da sojoji da kamfanoni, ta kora 'yan sha'awa zuwa mita 200 abin da ya yi ƙasa. Masana na lokacin sun ɗauka wannan yanki ba ya zuwa ko'ina. Ashe an ba su tsoka ne ana zaton ƙashi ne.

A watan Disamba na 1921 ƙungiyar masu rediyo ta Amurka, ARRL, wadda Hiram Percy Maxim ya kafa a 1914, ta tura Paul Godley ya kafa tanti a Ardrossan da ke gaɓar Sukotlan, ya zauna cikin sanyi da ruwan sama yana saurare. Ya ji tashoshin Amurka da dama. Wannan ji ne kawai, babu amsa. A watan Nuwamba na 1923 Léon Deloy da ke birnin Nice na Faransa ya yi magana kai da kai da Fred Schnell a Connecticut, a kan mita 110 ko kusa da haka. Shekara ba ta cika ba, a Oktoba 1924, wani matashi mai suna Cecil Goyder a wata makaranta a Landan ya yi magana da Frank Bell a Niyu Zilan, wato kusan iyakar nisan da ke akwai a doron ƙasa.

Sirrin yana sama. Daga tsayin kilomita ɗari zuwa ɗari huɗu akwai wani rufi na iska wanda hasken rana ke cajawa. Gajeren zango in ya doke shi sai ya lanƙwaso ya dawo ƙasa, tsalle ɗaya yana iya cin kilomita dubu huɗu, ƙasa ko teku ta sake mayar da shi sama, haka har ya kai inda zai kai. Wannan rufi ba ya zama a hali ɗaya. Na rana daban, na dare daban, na hunturu daban, kuma duk shekara goma sha ɗaya ƙarfin rana yana hawa ya sauka. Duk hikimar ɗan DX a nan take: sanin wace mita za ta buɗe, zuwa ina, da ƙarfe nawa.

To me ya sa sai a 1946 aka kafa kulob, tunda an daɗe ana yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma amsarta yaƙi.

Kafin yaƙin duniya na biyu an riga an fara ƙirgar ƙasashe. A watan Oktoba na 1935 Clinton DeSoto ya rubuta maƙala a QST, mujallar ARRL, yana neman a daidaita abin da za a kira ƙasa a wannan harka, domin kowa yana ƙirga yadda ya ga dama. A 1937 ARRL ta fito da lambar yabo ta DXCC ga duk wanda ya tabbatar ya yi magana da ƙasashe ɗari. Ba a yi nisa ba yaƙi ya ɓarke. A 1939 Ingila da ƙasashen da take mulka da mafi yawan Turai suka rufe tashoshin 'yan sha'awa. A tsakiyar 1940 gwamnatin Amurka ta hana nata magana da ƙasashen waje, sannan bayan harin Pearl Harbor a Disamba 1941 ta rufe su baki ɗaya.

Da aka gama yaƙi abubuwa huɗu suka faɗo a lokaci guda. An sake buɗe mitocin, ana sakinsu kaɗan-kaɗan daga Nuwamba 1945 zuwa cikin 1946. Dubban matasa suka dawo daga fagen fama da hannu mai saurin buga Mos (rubutun tangaraho na gajeru da dogayen sauti) da sanin gyaran na'ura, domin aikin da soja ta sa su ke nan. Kayan rediyon soja da suka yi rara suka cika kasuwa ana sayar da su kamar kyauta, na'urar da gwamnati ta biya ɗaruruwan daloli sai ka same ta a farashin takalmi. Ƙarfin rana kuma yana hawa zuwa ƙololuwarsa ta 1947, mita 10 da mita 20 suna buɗewa zuwa kowace kusurwa.

Sai ARRL ta yanke hukuncin da ya kunna wutar. Tunda taswirar duniya ta canja, ta ce duk ƙirgar da aka yi kafin yaƙi a ajiye ta gefe. Za a fara daga sifili, kuma maganar da aka yi daga 15 ga Nuwamba 1945 ce kaɗai za ta shiga lissafi. Dattijon da ya shekara ashirin yana tara katunan shaidar magana da yaron da ya karɓi lasisi jiya suka tsaya a layi ɗaya. A ganina wannan shi ne ainihin mahaifin kulob ɗin. Tsere ne sabo, kowa yana ganin zai iya, kuma duk wanda ya riga samun labari ya riga cin ƙasa.

Amma ai wannan abu ne na mutum shi kaɗai a ɗakinsa. Me zai kai shi shiga ƙungiya da abokan hamayyarsa?

Haka ne, kuma a nan abin yake da ban dariya. Lambar yabon ta mutum ɗaya ce, ba a raba ta. Maƙwabcinka mai babbar eriya shi ne zai danne muryarka in kuna kiran tasha ɗaya. Duk da haka shi ne mutumin da ka fi buƙata a duniya.

Dalili kuwa, sama ɗaya ce a kanku. In wani a New York ya ce yana jin Indiya raɗau, wannan bai amfani mutumin Oakland da komai ba, domin hanyar da ta buɗe wa wancan ba ita ce tasa ba. Amma in na San Jose ya ji ta, to na Oakland ma zai ji, kuma watakila minti ashirin kawai ƙofar za ta yi a buɗe. Shi ya sa ƙungiyoyin DX suka zama na yanki-yanki, ba na ƙasa baki ɗaya ba. Kamar farauta ce: kowa yana son shi ya kayar da naman, amma wanda ya shiga daji shi kaɗai yakan dawo da gajiya.

A farkon zamani labarin yana yawo ne ta tarho da kuma wurin taron wata-wata da takardar labarai ta kulob, wadda ake kira The DXer. A can za ka ji cewa wani sojan Ingila da aka ajiye a wani tsibiri yana fitowa da ƙarfe kaza a kan mita kaza, ga adireshin da ake aika masa kati, ga wanda ya riga ya samu amsa. Daga baya aka koma sanarwa ta ƙaramin rediyo na mita 2 da ke ratsa yankin ta wata tasha a kan dutse, mutum yana cin abinci sai ya ji an ambaci lambar da yake nema, ya ture kwano ya ruga ɗaki.

Akwai kuma batun shaida. A harkar da mutum ke zaune shi kaɗai cikin dare yana cewa ya yi magana da wuri kaza, mutunci shi ne jari. 'Yan kulob sun san eriyar juna, sun san wanda ke da kunne da wanda ke da baki kawai. Ƙungiyoyi irin wannan sukan sa sharaɗin sai ka nuna ƙasashe ɗari kafin ka zama cikakken mamba.

Me ya sa Arewacin Kalifoniya musamman?

Dalili biyu, ɗaya na gata ɗaya na rashi.

Na gatan shi ne yankin ya daɗe da zama gidan rediyo tun kafin a san shi da kwamfuta. Kamfanin Federal Telegraph yana Palo Alto tun wajen 1909, a can ma Lee de Forest ya yi wani ɓangare na aikinsa a kan bawul, wato kwalbar lantarki mai ƙarfafa sigina a cikin rediyo. Frederick Terman, malamin jami'ar Stanford da ake yi wa kallon uban Silicon Valley, cibiyar kamfanonin kwamfuta da ke wannan yanki, ɗan rediyon sha'awa ne tun yana yaro. A 1934 wasu 'yan sha'awa biyu, William Eitel da Jack McCullough, suka buɗe kamfanin Eimac a San Bruno domin ƙera bawul mai ƙarfi wanda zai jure wa irin azabar da 'yan'uwansu ke gana wa na'ura. Yaƙi ya mayar da kamfanin ƙato saboda rada. Ke nan a 1946 yankin cike yake da injiniyoyi, da kayan aiki, da mutanen da ke ƙera abin da wasu ke saye. Har akwai ba'ar da sauran Amurkawa ke yi musu. A lokacin doka ta tsayar da ƙarfin tasha a kan wat dubu, amma in aka ce wane yana da "kilowat irin na Kalifoniya" to ana nufin awon nasa ya ɗan zarce. Wasa ne, amma ba a rasa gaskiya a cikinsa ba.

Na rashin kuwa taswira ce. Da yawa daga cikin ƙasashen da ake ƙirgawa a wancan lokaci suna Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya. Daga Boston zuwa Landan kilomita dubu biyar ne da 'yan kai, kusan duk a kan ruwan teku, wanda ya fi komai iya mayar da sigina sama. Daga San Faransisko kuwa kilomita dubu takwas da ɗari shida ne, kuma hanyar tana bi ta can arewa kusa da ƙurewar duniya, inda guguwar rana ke haɗiye sigina. Ba mamaki ba ne da takardar DXCC mai lamba ɗaya ta bayan yaƙi ta tafi hannun Charles Mellen, mutumin Boston. Mutanen yamma suna da nasu rabon, Japan da Ostireliya da tsibiran Fasifik suna bakin ƙofarsu, amma in ana batun Afirka ko Turai sai sun jira na gabas sun ƙoshi. Wanda ke fama da irin wannan ba ya raina taimakon maƙwabci.

Yaya ainihin maganar take? Me suke cewa?

Wanda ya zo da tsammanin hira zai sha mamaki. In tashar da ba a cika samu ba ta fito, cikin mintuna kaɗan ɗaruruwan mutane sun taru a kanta, kowa yana maimaita lambarsa. Abin da mai tashar ke ji a kunnensa guguwa ce kawai. Shi kuma sai ya tsaya a wuri ɗaya yana magana, ya ce yana saurare ɗan sama kaɗan, domin kada masu kira su binne muryarsa. Ya tsamo haruffa biyu ko uku daga cikin hayaniyar, ya maimaita su, mai lambar ya cika sauran. A ba juna rahoton ƙarfin sigina, biyar da tara, a ce na gode, a wuce. Daƙiƙa goma sha biyar ta isa. Mutum na iya kwana uku yana jiran waɗannan daƙiƙun.

Gwani ba ya ta ihu. Yana zama ne ya gano inda mai tashar ya amsa wa na baya, ya lura ko yana hawa sama ne ko yana saukowa, ya je ya tsaya inda zai iso. Wannan ba a koyonsa a littafi, sai a gefen wanda ya iya, kuma yana cikin abin da sabon shiga ke zuwa kulob nema.

Hira tana nan a ranakun da babu cunkoso: suna, gari, yanayin sama, irin na'ura da eriya. Siyasa da addini an saba a bar su a ƙofa.

Ta yaya ake tabbatar da cewa mutum bai yi ƙarya ba?

Da kati, wanda ake kira QSL. Girmansa kamar katin gaisuwa na gidan waya, ɗauke da lambar tasha, rana, lokaci, mita da rahoto. Sai ɗaya ɓangaren ya duba littafinsa ya ga sunanka sannan ya aiko. Saboda tsadar kan sarki, ƙungiyoyin ƙasashe suka kafa ofisoshin tattara katuna, a tara su a aika da yawa lokaci ɗaya, 'yan sa kai su rarraba. Arha ne amma kati na iya shekara biyu a hanya. Mai gaggawa sai ya aika kai tsaye, ya sa ambulan mai adireshinsa da takardar biyan kan sarki ta ƙasa da ƙasa. A shekarun 1960 an yi rikici babba kan wasu tafiye-tafiye da aka yi zargin mai yin su bai taka wasu tsibiran da ya ce daga can yake magana ba, har ARRL ta soke wasu daga ciki. Tun daga nan ake neman hujjar sauka da ta lasisi. Daga 2003 akwai rumbun intanet na ARRL inda kowa ke ɗora littafinsa, in bayanan biyu suka dace shi ke nan.

Ƙasashe nawa ne? Na ji an ce sun fi na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Sun fi, 340 ne a jerin yanzu. DeSoto ya kafa ƙa'ida cewa wurin da ya keɓanta ta fuskar mulki ko ta fuskar nisa ana ƙirga shi daban. Shi ya sa Alaska da Hawaii kowace ƙasa ce a lissafin, haka hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, haka ofishin hukumar sadarwa ta duniya a Geneva, haka tsibirin Bouvet wanda babu kowa a kansa sai ƙanƙara da tsuntsaye. Akwai wani wuri a tekun kudancin Sin, Scarborough Reef, wanda duwatsu ne 'yan ƙanana da ke leƙowa daga ruwa. Waɗanda suka je can a 2007 sai da suka kafa dandamalin katako a kan dutse, kujera ɗaya, janareta ɗaya, laima ɗaya, igiyar ruwa tana dukan ƙafafunsu. Koriya ta Arewa ita ce ta daɗe a saman jerin waɗanda aka fi nema, ba don nisa ba, don hukuma ba ta bayar da izini.

Ina ƙasashenmu suke a wannan lissafi?

Suna ciki tun farko, kuma suna da tsada a wurin mutanen Kalifoniya. Lambar Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, Gana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan ST. A zamanin Turawa Najeriya ZD2 ce, kuma yawancin masu fitowa da ita ma'aikatan mulkin mallaka ne da na kamfanoni. Nijar kuwa ba a ƙirga ta ita kaɗai, tana cikin dunƙulen Afirka ta Yamma ta Faransa. Da aka samu 'yanci a 1960 aka soke wannan dunƙule, kowace sabuwar ƙasa ta shiga jeri da kanta, sai ga 'yan DX na duniya da sabbin ƙasashe fiye da goma a shekara guda, kowa ya koma farauta.

Daga San Faransisko zuwa Kano kimanin kilomita 12,500 ne, eriya tana duban arewa maso gabas. Siginar sai ta ratsa faɗin nahiyar Amurka ta Arewa kafin ta ga teku, wato ta bi ta kan duk masu hamayya da ita. Wani lokaci dabarar ita ce a juya eriya baya a bi doguwar hanya ta kan Fasifik, kilomita dubu ashirin da bakwai da ɗoriya, kuma abin mamaki wata rana ita ta fi kyau. Nijar da Chadi har yanzu in wani ya fito daga can layi ake yi.

Me kulob ɗin ya haifar bayan kafuwarsa?

Abu na farko taro ne. A 1949 'yan arewa da takwarorinsu na Southern California DX Club suka fara haɗuwa a Fresno, garin da ke tsakanin San Faransisko da Los Angeles, don kada wani ya ce shi aka sa ya yi doguwar tafiya. Ƙungiyoyin biyu suka riƙa karɓar baƙuncin taron bi da bi. Daga baya ya koma Visalia ya shekara da shekaru a can, har sunan garin ya zama sunan taron a bakin 'yan DX na duniya. Kudancin ma ba kanwar lasa ba ne, can ne Don Wallace ya shimfiɗa manyan eriyoyin waya a kan tudun Palos Verdes, kowace tana duban nata ɓangaren duniya.

Na biyu, masu son gasar ƙarshen mako, inda ake ƙirga yawan tashoshi cikin awa arba'in da takwas, suka ware suka kafa Northern California Contest Club a 1970. Da yawa suna cikin duka biyun.

Na uku shi ya fi tasiri. Tun tsakiyar shekarun 1950 aka gane cewa in babu mai rediyo a wuri, sai a kai shi. Danny Weil, wani Bature ɗan Ingila mai gyaran agogo, ya yi ta yawo a tsibirai cikin ƙaramin jirgin ruwansa mai suna Yasme, 'yan DX suna tara masa kuɗi. Bayansa Lloyd Colvin da matarsa Iris, mazauna wannan yanki, suka shafe shekaru suna zagaya duniya da akwatunan rediyo, suka yi aiki daga ƙasashe fiye da ɗari, har da na Afirka ta Yamma. Amma hayar jirgi zuwa tsibirin da babu tashar jirgi ta fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya. A 1972 wasu 'yan DX na yankin suka kafa gidauniya, Northern California DX Foundation, domin tara gudummawa a tallafa wa irin waɗannan tafiye-tafiye. Tana cikin manyan masu ɗaukar nauyin tafiyar tsibirin Heard a 1997, inda aka yi magana sau kusan dubu tamanin.

Kulob ɗin da gidauniyar abu ɗaya ne?

A'a. Sunan ya yi kama, mutanen farko ma sun fito daga tsatso ɗaya, amma kowace da shugabanninta da asusunta. Kulob na 'yan yanki ne masu haɗuwa. Gidauniya kuwa masu ba ta kuɗi suna ko'ina a duniya.

Yanzu da akwai wayar hannu da intanet, me ya rage?

Masu wannan tambaya sukan ɗauka manufar ita ce isar da saƙo. Ba ita ba ce tun asali, ko a 1946 akwai tarho da tangaraho. Abin da ake nema shi ne ka kai can da na'urarka da wayar da ka ɗaura da hannunka, babu kamfani a tsakani.

Abin da intanet ta taɓa da gaske shi ne dalilin kafa kulob. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka fara haɗa kwamfutoci suna rarraba labarin tashar da ta fito, yau kuwa duk duniya na gani a allo cikin daƙiƙa ɗaya. Sirrin da ake shiga ƙungiya dominsa ya zama na kowa, kuma cunkoson ya ninka. A 2017 Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 1993, tare da Steve Franke, suka fito da tsarin FT8, inda kwamfuta ke tsamo siginar da kunne ba zai taɓa ji ba. Tsofaffi da yawa suna ganin an cire wa abin gishiri. Ni ina ganin suna da rabin gaskiya. Kunne ya rage daraja, amma mai zama a gidan haya da 'yar waya a taga ya samu shiga inda da sai mai fili da hasumiya. Abin da allo bai iya ba shi ne riƙe maka igiya in kana saman ƙarfe, ko zuwa gaban hukumar gari in maƙwabta sun kai ƙarar hasumiyarka. Damuwar da ta fi wannan ita ce furfura ta yi yawa a wurin taro.

Akwai wani abu nasu da zan iya ji daga nan da kunnena?

Akwai, in kana da rediyon gajeren zango mai iya kama Mos, wato mai maɓallin SSB ko CW. Tun 1979 gidauniyar ta fara kafa tashoshin gwaji masu aiki da kansu, yanzu guda goma sha takwas ne a faɗin duniya, tare da haɗin gwiwar ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, IARU. Suna amfani da wurare biyar: 14.100, 18.110, 21.150, 24.930 da 28.200 a ma'aunin megahaz. Kowace tasha tana da daƙiƙa goma, sai ta ba ta gaba wuri, a zagayo cikin minti uku. Tana aika lambarta da ƙarfin wat ɗari, sannan dogayen sauti huɗu: na farko wat ɗari, na biyu goma, na uku ɗaya, na huɗu kashi ɗaya cikin goma na wat. Yawan sautin da ka ji shi ke gaya maka yadda hanyar take. Mafi kusa da mu su ne CS3B a tsibirin Madeira, 5Z4B a Kenya da ZS6DN a Afirka ta Kudu, ta Kalifoniya kuma W6WX ce. Wata kan yi shiru na ɗan lokaci in ta samu matsala, don haka kada rashin jin ɗaya ya sa ka zargi rediyonka. Saurare ba ya buƙatar lasisi, amma watsawa sai da izinin hukumar sadarwa ta ƙasarka. A Najeriya ƙungiyar masu wannan harka ita ce Nigeria Amateur Radio Society.